Kafin Ki Rubuta AS a Allo

'Yata, na ji an ba ki aji a sakandare can wajen Ɗambatta, kuma darasin gadon halitta yana cikin abin da za ki koyar a zangon nan. Allah ya yi albarka. Matso kusa, ina da 'yar magana.

Ranar da kika rubuta nau'o'in jini na gado, wato AA da AS da SS, a allo, ki juyo ki dubi fuskokin yaran kafin ki ci gaba. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS. In ɗalibanki 40 ne, ki ƙaddara wajen 10 suna ciki, ko sun sani ko ba su sani ba. Akwai wadda ƙanenta yake kwana kuka da ciwon ƙashi duk hunturu, idonsa ya yi rawaya, uwarsu tana gasa masa gwiwa da tsumma mai ɗumi har asuba. Akwai wadda an riga an kawo kuɗin gaisuwarta. Ke darasi kike yi, su kuwa labarin gidansu suke ji.

Ki koya musu lissafin daidai. In mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Kowane ciki da nasa lissafin, ba layi ake bi ba. Wani gidan a haifi biyar lafiya lau, wani gidan biyu a jere. Kuma yaro ba ya zama SS, wato mai sikila, sai uba ya ba da rabi, uwa ta ba da rabi. Wannan ki maimaita shi, musamman ga samarin. Kin san halin garuruwanmu. Yaro na fara ciwo sai dangin miji su ce jinin uwar ne ba kyau. An yi wa mata kishiya a kan haka, an saki wasu, alhali rabin abin daga mijin ya fito. Ba mugunta ba ce, yawanci rashin sani ne, kuma maganinsa yana hannunki.

Ki gaya musu mai AS ba majinyaci ba ne. Tun 1954 wani masani, Anthony Allison, ya nuna a gabashin Afirka cewa AS tana kare yaro daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Shi ya sa ta yawaita a ƙasashenmu. Kada wata yarinya ta fita daga ajinki tana sunkuyar da kai.

'Ya'yan manoma ne, sun ga iyayensu suna ware zangarniyar gero mai kyau don iri, a kai sauran rumbu. Za su fahimci gado da wuri ta nan. To amma ki tsayar da su a nan ɗin, kada su riƙa kallon 'yan'uwansu da idon mai zaɓen iri.

A watan Mayu na 2024 Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure. Yanzu ana neman takardar gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da na sikila kafin a ɗaura. Doka ce mai kyau, riga-kafi ya fi magani. Abin da yake damuna shi ne lokacin da ake zuwa gwajin. Sai an sa rana, an kai lefe, an raba goro, sannan a tafi asibiti. A lokacin wa zai iya cewa a fasa? In auren zumunci ne ma abin ya fi nauyi, domin 'ya'yan wa da ƙane suna iya ɗauko S daga kaka ɗaya. Kada ki kushe musu auren gida. Ki dai ce a yi gwajin tun magana tana tsakanin mutum biyu.

Sai batun sirri. Yankinmu gida na jikin gida, gona ta haɗa iyaka da gona. Abin da aka faɗa a aji da hantsi, kafin la'asar ya isa bakin rijiya. Magana zarar bunu ce. Don Allah kada ki taɓa cewa mai AS ya ɗaga hannu. Wanda ya gaya miki nasa, amana ya ba ki, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Cikin yaran nan wasu za su zama likitoci da masu bincike, in Allah ya so. Ki ba su labarin 1996, shekarar sanƙarau, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano (IDH). Yara wajen 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75, kuma masu neman diyya sai da aka nemi su yi gwajin DNA. Kin ga yadda mutane suka guji allurar shan inna a 2003, wannan tabon yana cikin dalilan. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Don haka duk wanda zai ɗebi jinin mutum, ya gaya masa da Hausa me za a duba, ina za a kai jinin, wa zai ga sakamakon. In ya ce a'a, a yi masa godiya a bar shi.

A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da Casgevy, magani mai gyara ƙwayoyin halitta don masu sikila. A Amurka kuɗinsa dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Najeriya kuwa ita ta fi kowace ƙasa haihuwar masu sikila. Ki ajiye musu waɗannan biyun, ki bar su su yi musu a kan ko wannan adalci ne. Kada ki yi saurin ba su amsa.

Wata rana wata za ta tsaya bayan an tashi, tana wasa da bakin hijabinta, sakamakon gwajin jininta yana damunta. Ki rufe ƙofa, ki saurare ta. Ki ce ta tafi asibiti da mahaifiyarta. In an sami dama a sake gwajin a wani wuri dabam, domin akan yi kuskure, kuma aure ne a kai.