Ba kowane kumburin saiwa ne cuta ba

Wani dattijo daga wajen Bunkure ya same ni a Kadawa da tushen waken suya a leda, ransa a ɓace. Shekara da shekaru yana zuba shinkafa kan shinkafa da ruwan Tiga, ƙasa ta gaji, mu malaman gona muka ba shi shawara ya hutar da ita da waken suya. Ya bi. Da shuka ta kai wata guda ya tuge ɗaya, ya ga 'yan ƙuraje jere a saiwa. Maimakon ya dawo wurinmu, sai ya nufi wani shagon magani. Yaron shagon, wanda ko karanta kwalba bai iya ba, ya ce masa tsutsar saiwa ce irin ta tumatir. Ya sayar masa da maganin kwarara wa ƙasa, ya ce ya bi da yuriya.

Na fasa ƙurji guda da farce, cikinsa jajaja. Na ce, "Baba, wannan ai takinka ne ka sayi guba domin ka kashe." Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, bashi na ci."

Ƙwayoyin rizobiyom ne ke zaune a ƙurajen nan, suna kamo naitirojin daga iska suna ba shuka kyauta. Ja a ciki, suna aiki. In ka murza suka ɓalle, su ne. Kumburin tsutsa kuwa jikin saiwar ne da kansa, ba ya ɓallewa.

Yuriya mai yawa tana sa shuka ta daina hulɗa da su. Takin supa wake yake so, da gyaɗa, da waken suya. Supa, ba yuriya ba! Kullum muna faɗi, kullum ana zuba yuriya don ganye ya yi kore shar. Ga kuma masu barin ruwa ya kwana a fangali kamar shinkafa suka shuka, saiwa ba ta numfashi a haka.

Nodumax, garin rizobiyom da cibiyar binciken noma ta IITA ke haɗawa don waken suya, abu ne mai rai. Na ga ana baje shi a rana a kasuwa, ana sayar wa bayin Allah mataccen gari. A shafa wa iri a inuwa, a shuka ran nan.

Don Allah, kafin ka buɗe aljihu a shagon magani, tuge tushe guda ka kai wa malamin gona.