Rim ɗin aloyi a hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu: wanne ake gyarawa, wanne ake jefarwa?

Matashin da ya sayi sabuwar mota, ko ya karɓi ta gida, abin da ya fi saurin canzawa shi ne rim. Na ƙarfe baƙi ya fita, na aloyi mai sheƙi ya shiga, a ɗauki hoto a saka a Facebook ko TikTok. Sai damina ta sauka, ruwa ya rufe ramukan hanya, wata rana a tsakanin Birnin Kebbi da Argungu a ji ƙarar "gam", washegari taya ta kwanta. Daga nan tambaya ta taso: a kai wa mai walda ne, ko a sayi wani? Amsar tana da nauyi, domin rim ɗin da ya tsage yana iya buɗewa ana cikin gudu.

Me ya bambanta aloyi da ƙarfe?

Rim ɗin aloyi alminiyam ne da aka gauraya da wasu sinadarai. Wanda aka fi amfani da shi, mai suna A356, yana ɗauke da silikon kimanin kashi 7 cikin 100 da ɗan maganiziyam. Alminiyam ya fi ƙarfe sauƙi sosai: santimita ɗaya mai fuska shida (kubik) na alminiyam yana da nauyin giram 2.7, na ƙarfe kuma kusan giram 7.8. Sai dai dole a yi rim ɗin aloyi da kauri kafin ya ɗauki nauyin mota, shi ya sa ba ya kaiwa kashi ɗaya bisa uku na nauyin na ƙarfe, ko da yake yawanci ya fi shi sauƙi. Alminiyam kuma yana saurin fitar da zafin birki.

Bambancin da ya fi shafar mai mota a hanyar karkara shi ne halinsu idan sun ci duka. Ƙarfe yana lanƙwashewa, mai faci ya sa guduma ya mayar da shi, a ci gaba da tafiya. Aloyi kuwa yana da taurin kai: zai jure har wani wuri, daga nan ya tsage.

Iri uku da ake samu a kasuwa

Na farko shi ne na zubi, wanda ake narkar da alminiyam a zuba a mazubi. Shi ya fi araha, shi ya fi yawa a motocin da ke yawo a Najeriya, kuma shi ya fi saurin tsagewa. Na biyu shi ne na matsi, wanda ake danne dunƙulen alminiyam da babban inji har ya ɗauki siffa. Ya fi ƙarfi da sauƙi, ya kuma fi tsada.

Na uku shi ne mai haɗe-haɗe, gida biyu ko gida uku: fuskar tsakiya daban, leɓen waje daban, gangar ciki daban, a ɗaure su da ƙananan kusoshi masu yawa, a shafa ɗanko a mahaɗar don kada iska ta fita. Kamfanin BBS na Jamus ya shahara da irin wannan tun da ya fito da samfurin RS a 1983. Amfaninsa a fili yake: idan leɓe ya lalace, shi kaɗai za a kwance a canza. Matsalarsa kuma ita ce girgizar hanya tana iya sassauta kusoshin, ɗankon yana tsufa ya fara yoyon iska, sannan samun leɓen da ya dace ba abu ne mai sauƙi ba. A lura kuma, da yawa daga rim ɗin da ake gani da jerin kusoshi a gefe ado ne kawai, gida ɗaya ne na zubi. Idan aka leƙa bayansa ba a ga noti ko mahaɗa ba, to ba mai haɗe-haɗe ba ne, kada a biya kuɗinsa.

Dalilin da hanyar kwarin Rima take gwada rim

Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu tafiyar kilomita hamsin da 'yan kai ce, kuma yankin fadama ne. Ruwan damina yana ratsa ƙarƙashin kwalta ya tausasa ƙasa, manyan motocin da ke ɗaukar shinkafa zuwa masana'antu irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu su bi ta kai, rami ya buɗe da baki mai kaifi. Ambaliyar 2020 ta nuna irin ɓarnar da ruwa yake yi wa gonaki da hanyoyin jihar Kebbi. A wannan shekarar ne kuma hukumar NADDC, ƙarƙashin Jelani Aliyu wanda ya yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, ta shirya gangamin motocin da aka harhaɗa a Najeriya daga Abuja zuwa Argungu lokacin bikin kamun kifi. Irin wannan doguwar tafiya ita ke nuna motar da aka shirya wa hanyar ƙasar nan.

Ga abin da ke faruwa idan taya ta faɗa rami. Gefen taya yana matsewa tsakanin bakin ramin da leɓen rim. Idan gefen yana da tsawo kuma iskar ta cika, shi zai shanye dukan. Idan gajere ne, dukan ya wuce kai tsaye zuwa alminiyam. Lambar da ke jikin taya tana faɗin tsawon. Taya mai lamba 195/65 R15 gefenta kashi 65 cikin 100 ne na milimita 195, wato kusan milimita 127. Mai lamba 225/40 R18 kuwa milimita 90 ce kacal. Wanda ya cire rim 15 ya saka 18 don ado ya rage wa kansa kusan santimita huɗu na matashi tsakaninsa da rami.

Gudu ma yana da nasa lissafin. Idan aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da motar take ɗauke da shi yana ninkuwa sau huɗu. Ramin da aka wuce lafiya a gudun 40 yana iya fasa rim a gudun 80.

Yadda waya za ta taimaka wajen bincike

Alamomin rim ɗin da ya ji ciwo uku ne: sitiyari yana rawa a wani gudu, taya tana rage iska a hankali ba tare da ƙusa ba, ko gefe ɗaya na taya yana saurin cinyewa. Yawancin lahanin yana leɓen ciki, inda ido ba ya kaiwa, domin can ne babu sandunan fuska da ke tallafa masa. A ɗaga motar da jak, a kunna fitilar waya, a ɗauki bidiyon bayan rim ɗin ana juya tayar da hannu. Lanƙwasa za ta fito kamar leɓen yana tsalle. A yayyafa ruwan sabulu a zagayen leɓen, inda kumfa ya taso nan iska take fita. Akwai kuma ƙananan na'urorin auna iska da ake ɗaurawa a bakin bawul, masu aika adadin iskar zuwa waya ta Bluetooth.

Wanda ake gyarawa

Karcewar gefe da ɓarewar fenti ado kawai suka shafa, gogewa da fenti sun isa. Ƙaramar lanƙwasa a leɓe ana miƙe ta da injin matsi mai aiki da mai, a hankali, ana auna daidaiton da agogon awo. Guduma ba ta dace da aloyi ba. Wuta ma haɗari ce, domin alminiyam ba ya yin ja kafin ya narke kamar yadda ƙarfe yake yi, saboda haka mai gyara ba zai gane da ido cewa ya wuce kima ba. Rim ɗin yana samun ƙarfinsa ne daga gashi na musamman da ake masa a masana'anta, wanda ake kira T6, kuma zafi mai yawa yana warware wannan ƙarfi ko da rim ɗin ya fito sumul.

Gajeriyar tsaga guda ɗaya a leɓen ciki ana iya ɗinke ta da waldar iskar argon, idan mai aikin ya san hannunsa: ya huda ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ya kankare ta, ya yi waldar ta ciki da waje. Duk da haka wurin ba zai koma ƙarfinsa na asali ba. Bayan kowane gyara dole a yi wa tayar balansin.

Wanda ake jefarwa

Tsaga a sandunan fuska, tsaga kusa da ramukan noti, tsaga fiye da ɗaya, wurin da aka taɓa waldawa ya sake buɗewa, ko rim ɗin da ya murɗe daga tsakiya: duk waɗannan sun gama aiki. Wuraren nan su ne ke ɗauke da nauyin motar da ƙarfin birki. Kuɗin sabon rim bai kai kuɗin asibiti ba.

Kafin a saya

A karanta rubutun da ke bayan rim ɗin. Lamba irin 6.5Jx16 tana nuna faɗi da girma, 5x114.3 tana nuna yawan noti da faɗin da'irar da suke jere a kanta, irin na Camry da Accord, yayin da Corolla ta 2003 zuwa 2008 take amfani da 5x100. Tambarin JWL alamar gwajin ƙarfi ce ta ƙasar Japan, amma ana buga na jabu, don haka ba shi kaɗai za a dogara da shi ba. Idan na hannu ne, a nemi tabon walda a ƙarƙashin sabon fenti.

Wajen ɗaura shi, a bi noti a tsallake ɗaya zuwa na gabansa kamar zanen tauraro, kada a tattaka sufana da ƙafa. Ƙananan motocin Toyota da yawa awon ɗaurinsu Nm 103 ne. A auna iska da safe tayar tana sanyi, a bi adadin da ke manne a jikin ƙofar direba, kuma kada a rage iska don an ga ta ƙaru da zafin rana na Afrilu.

Direban haya da ke zirga-zirga kullum tsakanin Birnin Kebbi, Argungu da ƙauyukan fadama zai fi samun kwanciyar hankali da rim ɗin ƙarfe. Wanda ya fi son aloyi kuma, girman da motar ta zo da shi daga kamfani, da taya mai dogon gefe, da safaya mai iska a but, su za su kai shi Matan Fada su dawo da shi gida.