Kwalekwale Mai Yoyo

A kudancin Jihar Kano, cikin ƙasar Bebeji, akwai wani babban tafki wanda ake kira Tiga. Ba tafkin asali ba ne, mutane ne suka yi shi. A zamanin Gwamna Audu Bako aka datse Kogin Kano, wanda ke gangarowa ta dajin Falgore. An soma aikin cikin 1971, aka gama cikin 1974. Da ruwa ya taru, sai ya malale fili mai faɗin murabba'in kilomita 178. Kifi ya yawaita, su karfasa da tarwaɗa, masunta kuwa suka zo suka zauna a bakin ruwan.

A ƙaramin kogi masunci yakan hau gora ya yi iyo da ita. Amma ruwa mai faɗi irin na Tiga, sai da kwalekwale. Kwalekwale iri biyu ne. Akwai na sassaƙa, watau a sami gungumen itace mai ƙwari, kamar maɗaci ko kawo, a rarake cikinsa da gizago. Akwai kuma na katako, wanda kafinta ke haɗawa da ƙusoshi. Kowanne daga cikinsu, in ya daɗe, yakan yi yoyo.

Dalili kuwa shi ne, itace yana da wani hali. In ya sha ruwa sai ya kumbura, in ya bushe sai ya tsuke. Kadan aka jawo jirgi tudu aka bar shi cikin rana da iskar hunturu, katakan sai su tsuke, mahaɗinsu ya buɗe, na sassaƙa kuma ya tsage. Har wa yau ƙusa takan yi tsatsa, ta bar rami. Gara takan ci jirgin da aka yar a ƙasa. Wani loto kuma kututturen da ruwa ya rufe shi ke bugun gindinsa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, haka ruwa yake da jirgi.

Wani zai ce, ɗan ruwa kaɗan cikin jirgi, me zai yi? Lalle wannan bai san nauyin ruwa ba. Lita 1 ta ruwa nauyinta kilo 1 ne. Jarka mai lita 25, nauyin ruwanta ya yi na yaro ɗan firamare. Ashe ruwan yoyo fasinja ne wanda bai biya kuɗin fito ba, kuma ba ya zama wuri ɗaya. Da jirgi ya ɗan karkata, sai duk ya kwarara wajen nan, ya ƙara danne shi. Ga shi kuma gwargwadon nauyin jirgi, gwargwadon nitsewarsa, gwargwadon ƙarfin da ruwa ke kutsowa da shi. Nauyi ba abin wasa ba ne a kan ruwa. Ran 30 ga Nuwamba, shekara ta 2021, ba a manta da ita ba a Bagwai, ranar da jirgin da aka cika wa kaya da mutane ya kife a tafkin Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya.

Neman wurin yoyo ya fi toshe shi wuya, gama ruwa mayaudari ne. Ba inda ya shiga yake tsayawa ba, sai ya bi ƙarƙashin kaya ya taru inda ya fi kwari. Mai gaggawa sai ya liƙe nan inda ya ga ruwa, gobe ya tarar jirgi ya sake cika.

Masunci mai hankali ba ya haka. Da fari yakan tabbata yoyo ne tukuna, domin taru jiƙaƙƙe da filafili da igiyar ruwa duk suna zuba ruwa cikin jirgi. Sai ya fid da kaya duka, ya kwashe ruwan da ƙoƙo, ya goge cikin da tsumma har ya bushe. Sa'an nan ya zauna shiru a bakin gaɓa, ya zuba ido. Ba a jimawa sai ya ga wani wuri ya yi duhu, ɗigon ruwa ya tsattsafo kamar gumi. Nan ne ƙofar ɓarawo. Sai ya zana wurin da gawayi.

In ramin ya ɓuya, akwai wata dabara, watau a juya al'amarin. A jawo jirgi tudu, a ɗora shi bisa gumagumai biyu, a bar bayansa ya bushe, a zuba ruwa cikinsa. Ƙofar da ruwa ya bi ya shiga, ita zai bi ya fita. Sai mutum ya durƙusa ya duba ƙarƙashi, ya bi sawun laimar har inda ta faro. Amma ba a cika shi fal, don nauyin ruwan yana iya ɓalle mahaɗin da ke lafiya lau. Bayan wannan a bi jikin jirgin da tsinin wuƙa ana tsokana. Itace mai lafiya yakan ƙi wuƙa, ruɓaɓɓe kuwa sai ta shige kamar cikin dafaffen rogo.

A Turai da Amurka akwai waɗansu 'yan jiragen roba na mutum ɗaya, waɗanda ake tuƙawa da ƙafa kamar keke. Su ma suna yoyo. Masu su sukan shafa ruwan sabulu a bayan jirgin, su hura iska cikinsa a hankali. Inda kumfa ya taso, nan ramin yake. Mai facin keke a kasuwar Bebeji ya san irin wannan dabara, shi da ke tsoma tayar ciki a ruwa yana duban kumfa.

Kadan an gane wurin, sai gyara. A kankare datti da tsohuwar kwalta, a bar wurin ya bushe sarai, gama kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen itace. A murɗa auduga ko tsumma kamar igiya, a cusa cikin tsagar, ana dannawa da dakusasshen ƙarfe. Ba a dukansa da ƙarfi ƙwarai, kada tsagar ta ƙara buɗewa. Sa'an nan a narka kwalta a shafe ciki da baya. Wannan aikin manya ne, ƙunar kwalta mugunyar ƙuna ce. In ramin babba ne, a shimfiɗa tsumma mai kwalta a kansa, a rufe da ɓallin gwangwani, a kafe da ƙananan ƙusoshi kusa da kusa. Katakon da ya ruɓe kuwa ba shi da magani sai a cire, kafinta ya sa sabo.

Ba a gama faci a ɗauki mutane nan da nan. Sai a ɗaure jirgin a bakin ruwa, a sa masa duwatsu maimakon kaya, ya kwana. In da safe an tarar cikinsa a bushe, ya gyaru.

Saura in yoyo ya kama mutane suna tsakiyar ruwa. Kada kowa ya miƙe tsaye, kada kuma a taru gefe ɗaya. Wanda ya fi kusa da ramin ya cusa tsumma ko hularsa, ya take da ƙafa. Wani ya yi ta kwasar ruwa, mai tuƙi kuwa ya nufi gaɓar da ta fi kusa, ko da ba can za su ba. Domin haka ne ba a tashi sai da ƙoƙo da tsumma cikin jirgi, kowa kuma ya sa rigar ceto. In har jirgin katako ya kife, galibi ba ya nitsewa ƙasa, sai a riƙe shi kankan, a yi ta kiran taimako.

Tambayoyi

1. Don me jirgin da aka bari a tudu da hunturu yakan yi yoyo?
2. Don me ba a cika jirgi fal da ruwa wajen neman rami?
3. In lita 2 na shiga jirgi kowane minti, kilo nawa zai ƙaru cikin rabin sa'a?