Yadda Za Ka Ƙara Wa Oba-Obar Motarka Nisan Zango

Duk direban da ya saba bin hanyar Kano zuwa Gwarzo ta Rimin Gado da Kabo ya san cewa da zarar an sauka daga babban titi an nufi ƙauyukan Kara, sabis ɗin waya kan fara wasan ɓuya. Shi ya sa wasu 'yan sintiri da masu lodin hatsi da ke tafiya a ayari suke ajiye oba-oba a mota, tunda ba ruwanta da kati ko sabis. Sai dai kukansu kusan ɗaya ne: an sayi na'ura mai tsada, amma da abokin tafiya ya ɗan ba da rata sai murya ta ɓace. Galibi akwatin ba shi da laifi. A eriya da yadda aka ɗaura ta gizo ke saƙa. Ga matakan gyara:

1. San irin rediyonka. Wanda ake kira CB yana aiki a kan megahaz 27. Amurka ta buɗe wa jama'a shi a 1958, direbobin manyan motoci suka yayata shi a shekarun 1970, kuma yana da tashoshi 40 da ƙarfin wat 4. 'Yan hannu irin su Baofeng da Motorola kuwa na VHF ne ko UHF. Na CB ba ya jin waɗannan, kuma eriyar wani ba ta yi wa wani. Kafin ka fara aika saƙo, nemi izini da layin da aka yarje maka daga hukumar NCC ko Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya, kada ka faɗa layin jami'an tsaro.

2. Zaɓi eriya mai tsawon da ya dace. Cikakkiyar eriyar CB, mai kama da bulala, ta kai kusan mita 2.7. Ta VHF a kan megahaz 150 kusan santimita 50 ce, ta UHF a kan 450 kuma kusan santimita 17. Akwai gajerun eriyoyin CB masu naɗaɗɗiyar waya a gindi ko a tsakiya, amma duk abin da aka rage a tsawo, an rage shi a nisan zango. Ɗauki mafi tsawon da motarka za ta iya yawo da ita. In 'yar hannu gare ka, haɗa ta da eriyar waje, domin bodin mota yana tare saƙo kamar katanga.

3. Nemo mata mazauni. Wuri mafi kyau shi ne tsakiyar rufin mota, saboda ƙarfen rufin shi ne rabin eriyar, kuma daga nan saƙo ke bazuwa daidai ta kowace kusurwa. In ka ɗaura ta a bamba, saƙon zai karkata gefe guda, bodi kuma ya tare wani sashe. A Hilux ko akori-kura, doguwar bulala ta fi zama a gefen bodin baya, muddin mafi yawan tsawonta ya zarce rufin. Ka tuna da rassan mangwaro da wayoyin lantarki da suka yi ƙasa a cikin gari.

4. Haɗa gindinta da ƙarfen bodi. Kankare fenti da tsatsa da sanfefa har sai ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure noti tamau, sannan ka shafa giris a kai don kada ya sake tsatsa. Mai gindin maganaɗisu ba ta buƙatar huji, amma ka riƙa share ƙurar da ke taruwa a ƙarƙashinta, musamman da hunturu.

5. Kula da kebul. Yi amfani da mai om 50, kamar RG-58. Wayar dish ta talabijin om 75 ce, ba za ta yi ba. Kada ƙofa ta matse kebul, kada ya taɓa salansa, kuma in ya yi saura kada ka naɗe shi ƙanƙanin gammo, ka shimfiɗa shi da faɗi. Naɗe mahaɗar waje da salatif, domin ruwan damina in ya shiga kebul, ya gama da shi.

6. Ja wuta kai tsaye daga batir. Ka sa mai rewaya ya ja waya mai kauri, ya sa fiyus dab da kan batir. Ramin da ake cajin waya yana kawo hayaniya da raguwar wuta. Tirela da gingimari masu bolt 24 sai da na'urar rage wuta zuwa 12, in ba haka ba rediyon zai ƙone nan take.

7. Saita eriya da mitar SWR. Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙi. Mitar tana nuna yawan ƙarfin da eriya ke dawo wa rediyo da shi maimakon ta tura shi sama. Kai motar fili, nesa da gini da bishiya, ka rufe ƙofofi. Haɗa mitar tsakanin rediyo da kebul ɗin eriya. In CB ne, koma tasha ta 1, sa maɓallin mitar a FWD, danna makirfo, murɗa har allura ta kai alamar SET, sannan ka mayar da maɓallin kan REF ka karanta. Maimaita a tasha ta 40. In lambar ta 40 ta fi yawa, eriyar ta yi tsawo, sai ka sassauta sukurun ka tura bulalar ciki da kamar milimita 5. In ta 1 ce ta fi, ta yi gajarta, sai ka zaro ta kaɗan. Ci gaba da haka har lambobin biyu su yi kusan daidai. Ƙasa da 1.5 ya yi kyau, 2 za a iya lallaɓawa. In ta haura 3 a ko'ina, daina danna makirfo ka koma mataki na 4 da na 5. Mai VHF ko UHF ya nemi mitar da ta dace da nasa, ya gwada layinsa na ƙasa da na sama. Kada kuma ka taɓa aika saƙo babu eriya a jiki.

8. Gano tushen hayaniya. Saurara da inji a kashe, sannan ka tayar. Fito mai ƙaruwa in ka taka totur na altaneto ne, maganinsa matatar hayaniya a wayar wuta. Ƙas-ƙas mai bin bugun inji daga fulogi ne ko wayoyinsu. Cajar waya mai araha da wasu fitilun LED su ma suna kawo shuu, don haka kashe su ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifi.

9. Gwada a hanya. Murɗa maɓallin SQL na jikin rediyon har shuu ɗin ya ɗauke, ka tsaya nan, domin in ka zarce za ka toshe muryoyin nesa. Riƙe makirfo kamar yatsa uku daga baki, ka yi magana ba da ihu ba. Bar mota ɗaya a Gwarzo, ɗayar ta kama hanyar Kabo kuna gaisawa, ku lura da inda murya ta yanke. In kana cikin kwari, hau tudu kafin ka kira.

Wani zai ba ka shawarar sayen na'urar ƙara ƙarfi. Ko da ka ninka wat ɗinka biyu, da ƙyar mai saurare zai ji bambanci, kuma ba za ta ƙara maka jin kowa ba, ga haɗarin saɓa doka. Kuɗin nan ka zuba su a eriya mai kyau, kebul nagari da ladan mai saiti, sannan ka sake duba SWR bayan kowace damina.