Ka Ƙara wa Furosesa Gudu, Kwamfuta Ta Fara Gardama? Ga Yadda Za Ka Gano Matsalar

Duk wanda ya taɓa daɗewa yana buga Free Fire ko PUBG a waya ya san yadda take ɗaukar zafi, wasan ya fara sarƙewa. Wayar ce ke rage gudun furosesarta da kanta don kada ta ƙone. Riƙe wannan a ranka, domin shi ne rabin darasinmu na yau a kan abin da ake kira overclocking, wato tilasta wa furosesar kwamfutar tebur yin gudun da ya wuce wanda kamfani ya yanka mata.

Ni ma na sha wuyarsa a nan Ɗambatta. Ina da tsohuwar Core i5-2500K, samfurin 2011, mai gudun 3.3GHz. Da sanyin hunturu na ɗaga ta zuwa 4.5GHz, ta yi ta aiki lafiya ƙalau. Watan Afrilu na kamawa, ina tsakiyar haɗa manhajar wani mai shago da na yi wa alƙawarin gobe, sai ta mutu, fayil ya lalace. Ban taɓa saitin komai ba. Ɗakin ne ya canza.

Lissafin a taƙaice

Gudun furosesa shi ne 100MHz sau lambar da ke CPU Ratio a cikin BIOS. Ka sa 45, ka samu 4.5GHz. Ƙarin gudu yana bukatar ƙarin wuta, wato Vcore, ƙarin wuta kuma yana haifar da zafi. Zafin ba a hankali yake hawa ba: daga 1.20V zuwa 1.35V, wutar da furosesa ke ci tana ƙaruwa da kusan kashi 27 cikin 100, tun kafin a lissafa ƙarin gudun. Yawancin matsaloli daga nan suke: ko wuta ta yi kaɗan, ko zafi ya yi yawa.

1. Ba ka ga wurin saitin ba

Ba kowace kwamfuta ke yarda ba. A Intel, sai furosesa mai harafin K ko X da madabod jerin Z ko X. A AMD, yawancin Ryzen a buɗe suke, amma suna son madabod jerin B ko X. Kwamfutocin ofis na hannu, irin Dell OptiPlex da ake samu a titin Beirut a Kano, BIOS ɗinsu a kulle yake. Kada ka ɓata lokacinka.

2. Fanka na juyawa, sikirin baƙi ƙirin

Kada hankalinka ya tashi, da wuya a ce ta ƙone. Saitin ne ya fi ƙarfinta. Zare wayar wuta, danna makunni na daƙiƙa 10, cire ƙaramin batirin CR2032 mai kama da kwabo da ke kan madabod, jira minti 5, ka mayar. BIOS zai koma yadda ya zo daga kamfani. Sai ka gyara kwanan wata da agogo.

3. Shuɗin sikirin ko daskarewa

Karanta rubutun da ya fito. Idan ka ga WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR ko CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT, galibi wutar ba ta ishi gudun da ka zaɓa ba. Hanya biyu ce: ka rage Ratio da ɗaya, ko ka ƙara Vcore da 0.01V. Ni na fi son ta farko. Idan kuma MEMORY_MANAGEMENT ka gani, zargi RAM. Kashe XMP, ka gwada da MemTest86.

4. Ka ƙara gudu, amma ta ƙara nauyi

Irin abin da ke faruwa da wayarka ke nan. Yawancin furosesocin Intel suna rage gudu idan sun kusa digiri 100, Ryzen da yawa kuma a 90 ko 95. Buɗe HWiNFO, kunna Cinebench, ka sa ido a kan zafi da gudu tare. Idan zafi ya kai ƙarshe gudu ya faɗo, ka gano ɓarawon.

A nan ne masu kwaikwayon bidiyon YouTube ke faɗawa rami. Mai bidiyon yana ɗaki mai sanyin digiri 22, kai kuma kana ƙarƙashin kwano a bazara, ɗakinka ya doshi 40. Kusan duk digirin da ɗaki ya ƙara, furosesa ma za ta ƙara shi. Wanda ya samu 75 a can, kai 90 da wani abu za ka gani. Ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe haƙoran ƙarfen sanyaya. Hure ta, goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen, ka sa sabo kamar ƙwayar wake. Ƙaramar fankar da ke zuwa cikin kwali ba ta wannan aikin ba ce.

5. Tana mutuwa ɗif, ba shuɗin sikirin

Duba wuta. Ko akwatin wutar kwamfutar ya gaza, musamman mara suna mai arha, ko wutar da ke shigowa ce ke rawa. Idan a kan ƙaramin janareta kawai take yi, kada ka ɗora wa saiti laifi. Nemi UPS ko sitabilaiza. Kuma kada ka kuskura ka sabunta BIOS ba tare da UPS ba, domin in wuta ta ɗauke a tsakiya, madabod na iya tafiya.

Ƙa'idar gwaji

Canza abu ɗaya kawai a lokaci guda, ka rubuta a takarda. Bayan kowane canji, kunna OCCT ko Prime95 na minti 30. In ka samu saitin da kake so, bar shi awa biyu zuwa uku. Yi gwajin da azahar, lokacin da rana ta take, ba da asuba ba. Ka yi ƙoƙari zafi ya tsaya ƙasa da 85. Kafin komai, kwafe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri.

Kada ka raina yawan wuta. A 2024 Intel ta tabbatar cewa wuta mai yawa na lalata wasu furosesocinta na zubi na 13 da na 14, har ta fitar da gyara ta BIOS, ta ƙara garantin shekara biyu. Wadda ta riga ta lalace kuwa, gyaran ba ya dawo da ita. Wannan ma a saitin kamfani ke nan, balle wanda ka ɗaga da hannunka, wanda garanti ba ya ɗaukar ɓarnarsa.

Tawa yanzu saiti biyu na ajiye mata a BIOS: 4.5GHz na hunturu, 4.2GHz na bazara. Bambancin bai kai kashi 7 cikin 100 ba, ban ma jin sa a aiki, kuma tun daga lokacin ban sake ba wa mai shago haƙuri ba. Idan kwamfutarka ita ce hanyar abincinka, kwaɗayin 300MHz bai kai asarar aikin mako guda ba.

Allah Ya ba da sa'a.