DARASIN KASUWANCI: Yadda Ake Kula Da Kayan Da Ke Tsakanin Rassan Kamfani Masu Bambancin Agogo

Tun lokacin da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912, Hausawan Agege suka saba da aika goro Arewa. A wancan zamani lissafi ba ya rikicewa saboda lokaci, domin agogon Legas shi ne na Kano. Yanzu kuwa ɗan kasuwa yana iya samun sito a Agege, wakili a Dubai, da wani a Guangzhou ta ƙasar Sin. Dubai tana gaban Legas da awa 3, Guangzhou kuwa da awa 7.

Manyan kamfanoni ma suna fuskantar haka. Kamfanin simintin Dangote, mai hedkwata a Legas, yana da masana'anta a Pout ta Senegal, wadda ke bayan Legas da awa 1, da kuma a Mugher ta Habasha da Mtwara ta Tanzaniya, waɗanda aka buɗe a 2015, kuma suke gaban Legas da awa 2. A 2020 kamfanin ya fara tura kilinka, wato gasasshen dutsen da ake niƙawa ya zama siminti, daga tashar Apapa zuwa Senegal ta jirgin ruwa.

Inda matsala take

Kayan da suka bar wani reshe amma ba su isa ɗaya reshen ba, su ne suka fi rikita littafi, musamman a ƙarshen wata. Alal misali, a ce an fitar da katan 500 daga siton Guangzhou da ƙarfe 5 na asubar 1 ga Yuli. A Legas a lokacin ƙarfe 10 ne na daren 30 ga Yuni. Wakili ya riga ya ƙirga su cikin hajar Yuni, domin suna hannunsa lokacin da watansa ya ƙare. Akanta a Legas kuma zai rubuta su cikin kayan da suka kamo hanya a Yuni. Ke nan an ƙirga katan 500 sau biyu, riba ta kumbura a takarda, haraji ma ya biyo ta. Idan kuma kowane ɓangare ya ɗauka kayan suna littafin ɗan'uwansa, sai su ɓace daga lissafi baki ɗaya, kuma a irin wannan giɓi ne ɓarna ke samun mafaka.

Matakan da ya kamata a bi

Na ɗaya, a tsayar da agogo guda ga kamfani duka, ko na hedkwata ko na GMT, a rufe littattafan dukkan rassa a sa'a ɗaya.

Na biyu, a buɗe shafi na musamman domin kayan da ke kan hanya. Kaya ba sa fita daga wannan shafi sai mai karɓa ya ƙirga ya sa hannu. Lamba ɗaya ce za ta bi kayan daga takardar lodi har zuwa takardar karɓa.

Na uku, a rubuta lokaci da tsarin awa 24, a kuma rubuta sunan wata da haruffa. Wannan ya wajaba domin a Habasha, haka nan a harshen Swahili na Tanzaniya, ana fara ƙirga awa ne daga wayewar gari, don haka ƙarfe 1 nasu shi ne 7 na safe. Bugu da ƙari, kalandar Habasha wata 13 gare ta, kuma shekararta tana kamawa ne a Satumba.

Na huɗu, a san sa'o'in da ofisoshi suke buɗe tare. Ƙarfe 8 na safe a Legas ƙarfe 3 ne na yamma a Guangzhou, saboda haka umurnin lodin da ya kai azahar a Agege sai gobe. Haka kuma masana'antun Sin sukan rufe domin bukin sabuwar shekararsu, wanda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu.

Na biyar, kowane mako a gwada abin da aka aika da abin da aka karɓa. Duk bambancin da aka gani, a bi sawunsa kafin a rufe wata.

Ɗan kasuwar da ya kiyaye waɗannan zai iya faɗa wa banki ko abokin haɗin jarinsa yawan hajarsa da inda take a kowace sa'a.