Filin Wasan Paul Brown da Damisoshin Massillon: Nazari a Kan Tarihinsu

Gabatarwa

A jihar Ohio ta ƙasar Amurka akwai wani ɗan gari mai suna Massillon, wanda yawan mutanensa bai wuce 32,000 da 'yan kai ba. A cikin wannan gari akwai filin wasa mai ɗaukar 'yan kallo sama da 16,000 a zaune, wato kimanin rabin mutanen garin ke nan. Wannan fili ba na wata ƙungiyar ƙwararru ba ne, ba kuma na jami'a ba ne. Filin makarantar sakandaren garin ne, wadda ake kira Washington, kuma 'yan wasan da ake taruwa kallo yara ne 'yan shekara 15 zuwa 18. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bin sawun yadda aka yi filin ya samu, da irin nauyin da ya ɗora wa yaran da ke wasa a cikinsa.

Wace irin ƙwallo ake nufi?

Kafin a yi nisa, ya kamata a warware wata sarƙaƙiya da ɗalibin fassara kan ci karo da ita. Kalmar da mutanen Ingila ke kiran ƙwallon ƙafa da ita, ita ce dai Amurkawa ke kiran wani wasa daban da ita, wanda galibinsa da hannu ake yi. Duk mai fassarar da ya yi gaggawa ya rubuta "ƙwallon ƙafa" a nan, to ya ɓatar da mai karatu, don haka a wannan maƙala za a kira shi ƙwallon Amurka. Ƙwallon da kanta mai tsini ce gaba da baya, ba kewayayya ba. Kowane ɓangare na da 'yan wasa 11, filin kuma tsawonsa yadi 100 ne ban da gidajen ci biyu da ke ƙarshensa. Ana ba ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo dama huɗu su ci gaba da yadi 10, ko ta hanyar ruga wa da ita ko ta jifa, abokan hamayya kuwa suna ƙoƙarin kayar da mai ƙwallon ƙasa. Wanda ya shiga gidan ci da ƙwallo ya samu maki 6, in an buga ta tsakanin sanduna bayan haka a ƙara masa 1. Bugun sanduna shi kaɗai maki 3 ne. In kuwa aka kayar da ɗan wasa a cikin gidansu, sai abokan hamayya su samu maki 2. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, za a buƙace shi a gaba.

Haka kuma sunan ƙungiyar yana da tasa matsalar. Dabbar da suka ɗauka a matsayin tambari ita ce babbar damisar Asiya mai ratsi-ratsi, ba tamu mai rodi-rodi ba. Da yake Hausa ba ta ware mata suna na daban ba, a nan za a ce musu Damisoshi kawai.

Garin ƙarfe da ƙwallo

Massillon garin masana'antu ne, musamman na sarrafa ƙarfe, kuma mil takwas ne kacal tsakaninsa da birnin Canton. Tun shekarar 1894 makarantun garuruwan biyu suka fara karawa, har yau kuwa karawar Massillon da makarantar McKinley ta Canton tana cikin tsofaffin hamayyar makarantu a Amurka. A farkon ƙarni na 20 ma garuruwan biyu suna da ƙungiyoyin manya masu wasa don kuɗi, kuma a Canton ɗin ne aka kafa babbar ƙungiyar ƙwararru ta ƙasa, wato NFL, a 1920. Ke nan ƙwallon ba baƙuwa ba ce a yankin. Abin da ya sauya labarin makarantar shi ne zuwan mutum guda.

An haifi Paul Brown a 1908, iyayensa suka koma Massillon yana yaro, ya kuma yi wa makarantar wasa duk da ƙanƙantar jikinsa. A 1932 aka ɗauke shi mai horar da 'yan wasa, bai ko kai shekara 25 ba. Brown malami ne kafin ya zama koci, kuma da idon malami ya dubi wasan. Ya sa kowane ɗan wasa ya riƙe littafin dabarun wasa, ya riƙa yi musu jarrabawa a kai, ya riƙa tura mutane su leƙo yadda abokan hamayya ke wasa. Ya kuma sa ƙananan makarantun garin su riƙa koyar da tsarinsa, ta yadda kafin yaro ya iso hannunsa ya riga ya haddace karatun. A shekara tara da ya yi, daga 1932 zuwa 1940, ya ci wasa 80, aka cinye shi 8, aka yi kunnen doki 2. An ba makarantar kambun jiha sau shida a jere daga 1935. A 1940 kuwa sun ci maki 477 a wasanni goma, abokan karawarsu duka suka tashi da maki 6.

Ginin filin

Wannan nasara ta zo ne a lokacin da gari ke cikin matsi. Tattalin arzikin Amurka ya durƙushe tun 1929, ma'aikata da dama sun rasa aiki, a 1937 kuma yajin aikin ma'aikatan ƙarfe ya kai ga zubar da jini a Massillon. A irin wannan hali, ƙungiyar yaran ita ce abu guda da mai masana'anta da lebura za su zauna su yi wa tafi tare. Tsohon filin ya yi wa jama'a kaɗan. Gwamnatin Shugaba Roosevelt kuwa ta kafa wata hukuma a 1935, wadda aka fi sani da WPA, domin sama wa marasa aiki abin yi ta hanyar gina hanyoyi da gadoji da makarantu. A ƙarƙashin wannan shiri aka gina sabon filin, aka buɗe shi a 1939 da sunan Filin Damisa. Ashe dai rashin aikin yi na cikin abin da ya haifar da shi.

Brown bai daɗe yana cin moriyarsa ba. A 1941 ya koma Jami'ar Jihar Ohio, inda ya ci kambun ƙasa a 1942. Daga baya ya zama kocin farko na ƙungiyar Cleveland Browns mai ɗauke da sunansa, inda a 1946 ya ɗauki baƙaƙen fata biyu, Bill Willis da Marion Motley, a lokacin da ƙungiyoyin ƙwararru suka daɗe da rufe musu ƙofa. Shi Motley ɗin tsohon ɗan wasan McKinley ne, abokan gabar Massillon. A 1976 aka saka wa filin sunan Brown, ya rasu a 1991.

Al'adun da suka tsiro

A nan ne ɗalibin al'ada zai fi samun abin dubawa. An san Massillon da al'adar kai wa jariri namiji 'yar ƙaramar ƙwallo tun yana asibiti, daga ƙungiyar magoya baya. Makarantar na da rukunin makaɗa da mabusa da ya yi suna tun zamanin Brown. Daga 1970 kuma aka shiga kawo ɗan damisa mai rai kowace shekara, ana kiransa Obie, ana zagayawa da shi a keji ranar wasa. An daina wannan a tsakiyar shekarun 2010, bayan jihar Ohio ta tsaurara dokar ajiye namun daji, sakamakon abin da ya faru a garin Zanesville a 2011, inda wani mutum ya saki dabbobin dawa da yake ajiye da su, 'yan sanda suka harbe mafi yawansu.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Fim ɗin gaskiya mai suna Go Tigers!, wanda ya fito a 2001 a kan kakar wasan 1999, ya nuna ɗaya fuskar. Ya nuna yadda wasu iyaye ke sa 'ya'yansu su maimaita aji kafin shiga sakandare, ba don sun faɗi jarrabawa ba, sai don jikinsu ya ƙara ƙwari. A wannan shekarar makarantun garin na fama da rashin kuɗi, ana shirin jefa ƙuri'a kan ƙarin haraji domin su, yaran kuwa suka shiga fili da tunanin cewa in sun sha kaye jama'a za su ƙi amincewa. Ƙuri'ar dai ta wuce. Amma a ganina ba ƙaramin abu ba ne a ce albashin malamai ya rataya, ko da a zuciyar yaro ne kawai, a kan ko ya cafe ƙwallo ko ta kuɓuce masa.

Jiran shekara 53

Makarantar na ƙirga kambun jiha 24 daga farkon tarihinta zuwa 1970. Duk waɗannan an same su ne a zamanin da ba a yin wasan ƙarshe, sai dai 'yan jarida da masana su zaɓi wanda suke ganin ya fi. A 1972 jihar Ohio ta ɓullo da wasannin sili-ɗaya-ƙwale, wanda ya yi nasara a ƙarshe shi ne zakara. Daga nan kambu ya gagari Massillon. Sun kai wasan ƙarshe a 1980 da 1982 da 2005, aka doke su. Suka sake kaiwa sau uku a jere, 2018 da 2019 da 2020, nan ma haka. Abin da ya ƙara wa borno dawaki shi ne, daga farkon shekarun 1990 zuwa 2013 a filin Paul Brown ake buga wasu daga cikin wasannin ƙarshe na jiha, don haka mutanen gari suka yi ta kallon makarantun wasu garuruwa na ɗaga kofi a gidansu. Abokan hamayya kuwa suka samu abin gori, suna cewa kambun Massillon na takarda ne.

A ƙarshen watan Nuwamba na 2023, ƙarƙashin koci Nate Moore, Damisoshin suka sake haɗuwa da makarantar Hoban ta birnin Akron, wadda ta doke su a 2018 da 2020. Sun zo wannan wasa ba a ci su ko sau ɗaya ba a wasanni 15. Sau ɗaya tak suka shiga gidan ci a daren, suka ƙara bugun sanduna, maki 7 ke nan. Hoban ta samu maki 2 ta hanyar kayar da ɗan wasan Massillon a gidansu, daga nan ba ta sake samun komai ba. Aka tashi 7 da 2. A babban filin birnin Canton aka buga wasan, wanda nan ne gidan McKinley, can aka miƙa musu kofin, suka kamo hanyar mil takwas zuwa gida.